Sola da tallafin gwamnati: tambayoyin da ake yawan yi mani a Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni dai sana'ata haɗa sola ce nan Maradi, na hau rufin mutane tun daga unguwar Zariya har Bagalam, wani zubin a kira ni ƙauye can wajen Madarunfa ko Gidan Rumji. Tun daminar 2023 da wuta ta yi muna tsiya, rana ba ta fitowa ta faɗi ba tare da wani ya tare ni ya ce "malam, wai ina tallafin nan da ake cewa gwamnati na badawa?" ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda, kowa ya duba tashi.

Wai mi ake nufi da makamashi mai sabuntawa, ba sola ba ce kawai?

Duk wutar da ake samowa daga abin da ba ya ƙarewa ita ake nufi: rana, iska, ruwan kogi da anka datse, har da iskar gas da ake fiddawa daga kashin shanu. Gazuwal da esans da gawayin ƙasa irin na Anu Araren can Agadas ba su ciki, don su in ka ƙone sun tafi kenan. Mu nan Maradi gulbinmu ba ya kai rani da ruwa balle a yi zancen madatsa, to kusan duk maganar tamu a kan rana take, ita ko Allah ya hore muna ita har mun gaji, shi ya sa za ku ga ina ta faɗin sola sola.

Mi ya kai gwamnati cikin wanga al'amari, ba harkar ƴan kasuwa ba ce?

Larura ce ta kai ta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa, ke saida muna daga Najeriya take zuwa. Ta Yamai ta layin Birnin Kabi take shigowa, tamu ta Maradi da Damagaram ko daga Katsina take tasowa ta biyo Gazawa sannan a rarraba. Da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, farkon watan Agusta Najeriya ta yanke, ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024. Wanda ya yi watannin nan a garin ga ba ya buƙatar a yi mashi bayani: masu walda sun zauna suna gyangyaɗi ƙofar gareji, mata masu ƙanƙara da zoɓo sun zubar da jarinsu a kwata, teloli sun koma keken ƙafa. Ranar kowa ya gane wutar da makunninta ke gidan maƙwabci ba taka ba ce.

Sannan ga maganar adadi. A Nijar kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da wuta, a karkara ko bai kai 1 cikin 10 ba, alhali tsarin da gwamnati ta amince da shi a 2018 yana son a kai kashi 80 cikin 100 nan da 2035. Ɗan kasuwa ba zai ja waya kilomita 40 zuwa garin da gida 60 ne ba, don har ya tsufa ba zai ga uwar kuɗinshi ba. In ba hukuma ta sa hannu ba, wanga ƙauyen fitilar hannu ce rabonshi.

To panno ake rabawa kyauta? Ina ake rubuta suna?

Ba a rabawa, kuma ba wani ofis da za ka je da katin ɗan ƙasa a miƙo maka panno ka aza a kabu-kabu ka kai gida. Nan ne mutane ke ruɗewa, sun ji kalmar tallafi sai su tuno rabon hatsi mai rahusa. Tallafin sola ta bayan gida yake shigowa, yawanci ba ka ganin shi da ido: a cire ma kaya kuɗin duwan, a gina babbar tasha ta zuba wuta a layi, a kafa ƙaramar tasha a ƙauye, ko a ajiye kuɗi a banki don a ba masu shigo da kaya da manoma bashi. Kowane na yi bayaninshi a ƙasa.

Don Allah a yi hattara da saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai ka latsa nan ka cika suna ka turo jika 5 na dosiye za a kawo maka sola daga fadar shugaban ƙasa. Wata Hajiya a unguwarmu ta turo har sau biyu, na biyun wai kuɗin mota ne. Da ta nuna mani wayar, lambar ma ba ta ƙasar nan ba ce. Aikin gwamnati na gaske ta mari da hakimi da rediyo yake biyowa, kuma ba a biyan kuɗinshi ta lambar wani mutum.

An ce an cire ma kayan sola duwan, to mi ya sa har yau suke da tsada?

Gaskiya ne an cire. A watan Satumba 2017 ma'aikatar kuɗi da ta makamashi sunka fidda takarda ta haɗin gwiwa da ta yafe harajin shigowa ga kayan sola na gida. Amma yafewar ta kayan da ke cikin jerin ce, masu shedar inganci, kuma mai cin moriyarta kai tsaye shi ne ɗan kasuwar da ke da rajista, ya shigo da kwantena ta hanya da takardu cikakku. Yawancin abin da ke kasuwarmu ko ta Kano da Jibiya da Ɗan Isa yake shigowa, guda biyar guda goma, bisa motar da ta ɗauko wasu kayan, wannan farashinshi naira yake bi da kuɗin mota da abin da aka bari a hanya, ba ruwanshi da takardar minista.

Kuma fa panno kanshi ya yi arha, mu faɗi gaskiya. Daga 2010 zuwa 2020 farashinshi a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, sabo da masana'antun Sin. Wanda ya sayi mai wat 100 shekara goma sha biyar baya ya san abin da nake faɗi. Abin da ke karya aljihu yanzu batir ne, duba tambayar batir can ƙasa.

Waɗanne manyan tashoshin sola ne gwamnati ta gina, kuma ina ta Maradi?

Ta fari ita ce ta Malbaza a jihar Tawa, megawat 7, an buɗe ta a Nuwamba 2018 da bashin wani bankin Indiya. Ta biyu ta Guru Banda kusa da Yamai, megawat 30, panno sama da dubu 55, kuɗinta wajen miliyar 20 na sefa daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai. An yi bukin buɗe ta farkon Yuli 2023, sati uku kafin juyin mulki, ma'aikatan waje sunka watse, ba ta fara ba da wuta ba sai Nuwamba. Ta ko zo a kan gaɓa, don lokacin Yamai cikin duhu take.

Mu kuma, a ƙarshen 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da wani porje mai suna RANAA na kusan dala miliyan 138 ta Amurka, cikinshi akwai tashar megawat 20 da anka tsara ma Maradi da wata ta megawat 10 ga Doso. Yana ƙarƙashin babban shirin bankin na samar da megawat dubu 10 na sola a ƙasashen Sahel 11. Sai dai tsakanin sa hannu a takarda da ranar da ƙwan ɗakinka zai kama akwai tafiya: neman fili, biyan diyyar gonaki, tallar kwangila, jigilar kaya, ga tashar Kwatano da ta yi muna nisa tunda anka rufe iyaka da Benin. Sannan kusan duk kuɗin nan na waje ne, shi ne raunin abin. Da siyasa ta motsa a 2023 Bankin Duniya ya tsaida fidda kuɗi sai cikin 2024 ya dawo, Faransa da Turai sunka janye nasu tallafin. Da bargon aro muke rufa, mai shi na iya jan abinshi tsakar dare.

In an gina ta Maradi, shi kenan an daina ɗauke wuta?

A'a Alhaji, kar in yaudare ka. Tashar panno zalla da rana take aiki, da la'asar sakaliya ta fara ja da baya, magariba ta yi shiru, daidai lokacin da kowa ya koma gida ya kunna fanka da tele. Amfaninta shi ne ta ɗauke nauyin rana a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 kowane ofis ya kunna kilim, kuma ta rage gazuwal ɗin da ake ƙonawa. Dare kuwa sai an haɗa da manyan batura, ko injin, ko wutar Najeriya, ko ta ruwa.

Ta ruwan ita ce Kandaji, madatsar da ke kan kogin Isa a jihar Tillaberi, wadda anka tsara za ta ba da megawat 130. Marigayi Tanja ya aza tubalinta a 2008, kamfanin Rasha na fari ya kasa anka soke kwangilarshi a 2013, na Sin ya karɓa a 2019, shi ma ya tsaida aiki a Agusta 2023 da kuɗi sunka tsaya. Ɗiyan da anka haifa shekarar aza tubali yau sun isa aure. Kuma ko ta ƙare, layinmu na nan gabas ta tsakiya da na Yamai ba haɗe suke ba, sai an ja babbar waya ta haɗa su kafin mu sha romonta.

Ƙauyenmu ba layin NIGELEC, wa ke da alhakinmu?

Hukumar da anka kafa don ku ita ce ANPER, tun 2013, aikinta kai wuta karkara. Manyan kuɗin da ke bi ta wajen su biyu ne da ya kamata ku riƙe sunansu. NESAP na Bankin Duniya, dala miliyan 50 a 2017, shi ne ya sa panno ga wasu tashoshin injin gazuwal na garuruwan da ke nesa da layi, ya kuma ajiye kuɗi a bankuna don bashin kayan sola. Sai shirin Haske, wanda anka amince da kashinshi na fari a Disamba 2021, dala miliyan 317 da ɗoriya, shi ya haɗa jan layi da ƙananan tashoshi da sola ta likita da lakwal har da murhun girki.

Ƙaramar tasha ita ce a samu fili a gefen gari a jera panno, a gina ɗakin batura, a kafa turaku a ja waya gida-gida, kowa da kwantar ɗinshi. Ba kyauta ba ce, kana sayen wuta kamar yadda kake sa kuɗi a salula. Ana zaɓen gari ne da yawan jama'a da nisanshi da layi da kuma ko akwai masu cin wuta da rana, injin niƙa, mai walda, kasuwar mako. Abin da zan ba ku shawara, mai gari ya tara mutane a rubuta gida nawa ne, injin niƙa nawa, akwai likita ko lakwal ko foraj, a kai mari a tabbata sunan garin ya shiga tsarin raya kwamin, a kai kwafi ofishin makamashi na jiha nan Maradi. Garin da ba ya cikin takarda ko mai porje ya zo ba zai gan shi ba.

Mi ya sa solar da porje ke sawa a likita da lakwal take mutuwa bayan ƴan shekaru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mani rai, kuma in da za a ba ni minti biyar gaban minista ita kaɗai zan yi magana a kai. An taɓa kirana wata ƙaramar likita a wani ƙauye arewa da nan, wai sola ta lalace. Na isa da hantsi, na hau rufi, panno takwas lafiya lau sai ƙura da kashin tsuntsu da sunka yi masu ɓawo kamar an shafa kunu. Na sauko, majo, shugaban likitar, ya buɗe mani ɗakin batura, zafi ya buge ni kamar gidan burodi, ba taga ko ɗaya, batura huɗu sun kumbura sun yi ciki, bakin wayoyin ya yi farin gishiri. Firigon allurar rigakafi an maida shi kabad, rajista ce a ciki da ledar auduga. Unguwarzoma ta ce mani, "ɗana, shekara biyu kenan da fitilar salula nake karɓar haihuwa, in riƙe ta a baki." A bango ga allon porje nan da fenti mai kyau da tutoci, ba lambar wanda za a kira ko guda.

Ba mugunta ba ce, tsarin ne a gurgunce. Porje na da kuɗin saye da na bukin buɗewa, ba ya da na shekara ta huɗu. Ya ƙare ya naɗe tabarmarshi, mari ta ce ba a kasafinta, kwamitin gari bai taɓa tara ko dala ba don an ce masu kyauta ce. Panno na iya shekara 25, batir ɗin da ke ƙarƙashinshi ba ya kai biyar, wa zai sayi na biyu da na uku? In ba a amsa wannan ba ranar da ake kafawa, an dai sayi hoto ne. Inda na ga abin ya ɗore, wurin da anka sa ɗan kuɗi ne a kan cajin waya ko jarkar ruwa, ana ajiyewa a asusu da sa hannun mutum biyu, kuma anka koya ma wani yaro ɗan garin wanke panno da duba ruwan batir ana ba shi ɗan na goro duk wata.

Wane batir ya kamata in saya, kuma akwai tallafi a kanshi?

Tallafi na musamman ga mai gida a kan batir babu, sai dai abin da yafe duwan ya rage in kayan sun biyo hanya. Iri uku ne a kasuwa. Na ruwa shi ne mai arha, yana son a riƙa ƙara mashi ruwan batir, ba na rijiya ba, ba na pampo ba. Na jel ba a ƙara mashi komi amma zafi na kashe shi da wuri. Litiyom tsada gare shi ranar saye, sai dai yana jure a sha shi kusan duka kullum, kuma yana ninka waɗancan shekaru, in ka yi lissafin shekara takwas sau da yawa shi ne mai arhar.

Abu biyu ke kashe batir a Maradi. Na ɗaya zafi: an gina na ruwa da na jel a kan digiri 25, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu, to kai da ka kulle shi a ɗakin kwano a watan Afrilu ka yi ma kanka hisabi. Na biyu tatsa: kar a sha fiye da rabinshi a dare. Wanda ke barin fanka har inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta yi kuka ta mutu da kanta kullum, damina biyu ba zai gani da batir ɗin ba. Kuma a ɗaga shi a ji nauyi kafin a biya, mai amfiya 200 na gaske yana kai kilo 55 zuwa 60, in yaro ya ɗauke shi da hannu guda to lambar jikin kwalin ƙarya ce. A karɓi resi da garanti a rubuce.

Ni ɗan garka ne a fadama, akwai abin da zan samu na injin ban ruwa mai sola?

Nan ne ma tallafi ya fi kusa da hannun talaka, kuma nan ne sola ta fi riba, don ba ta son batir sam: rana ta fito pampo ya tashi, rana ta faɗi ya kwanta, in kana son ajiya ka yi tafki ko shato. Tunda Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, kwalbar ƴan ruwa-ruwa da muka saba saye da arha ta tashi, masu motopom a gulbi daga Jiratawa har Tibiri sun ji a jikinsu. Wani dattijo da na haɗa ma panno huɗu a garkar zogala da albasa, ranar da ruwa ya fara zuba a kwali ya tsaya yana waige-waige, ya ce shi abin da ya ɗaure mashi kai shirun, shekara ashirin bai taɓa jin kukan tsuntsu yana ban ruwa ba.

Asusun FISAN na tallafa ma noma da wadatar abinci, da anka kafa a 2017, tsarin da anka san shi da shi kenan: manomi ya kawo kashi 10, a ba shi tallafin kashi 40, banki ko asusun bashi ya ranta mashi kashi 50. ProDAF, shirin raya noman iyali da ya yi aiki a Maradi da Tawa da Damagaram shi ma da irin wanga raba nauyi ya tafi. Ƙofar shiga ita ce zauren manoma na jiha da ma'aikatan gona na kwamin, kuma ƙungiya mai takarda ta fi mutum guda saurin samu, sai takardar shedar fili daga kwamitin filaye, ita ce ke kada mutane da yawa. Indiya ma haka ta yi tun 2019, gwamnatin tsakiya 30, ta jiha 30, manomi 40. Gargaɗi ɗaya: ruwan da ba a sayen mai don jawo shi, mutum ba ya jin ciwon barin shi yana kwarara, ruwan ƙasan gulbi ko ba teku ba ne.

Bashin nan ba kuɗin ruwa a ciki? Ni ina tsoron riba.

Na bankunan yau da kullum akwai, ba zan ɓoye maka ba, kuma na san mutane da yawa a garin ga da sunka bar tallafin kashi 40 ɗin can sabo da haka. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan da ke aiki da murabaha, wato ya sayi kayan ya saida maka da ƙarin da kunka yi ciniki a kai tun farko, ka riƙa biya kashi-kashi. Wasu kamfanonin sola na gida su ma suna ba da kaya ka riƙa biya ta salula duk sati, in ka tsaya na'urar ta kulle kanta, in ka gama ta zama taka. Hukuncin kowane sai ka kai ma malaminka takardar ya karanta, ni mai pinsa da sukurdireba ne. Mata kuwa tuni sunka samo tasu hanyar, adashi, na haɗa ma mata fiye da biyar firigon ƙanƙara da kuɗin kwasar adashi.

Gida mai fanka ɗaya da tele da ƙwai biyar, mi zai ishe shi?

Mu yi lissafi a fili. Fanka mai wat 60 awa 8, 480 kenan. Ƙwai biyar masu wat 10 awa 5, 250. Tele mai wat 60 awa 4, 240. Cajin wayoyi a ce 50. Jimla wajen 1,000 a yini. Panno mai wat 300 a ranarmu yana samun kamar awa 5 na cikakken ƙarfi, in ka cire abin da zafi da ƙura da waya ke ci zai ba ka wajen 1,100. Batir mai bolt 12 amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, rabin da ya halatta ka sha 1,200. Ka ga ya yi daidai amma ba rara, ranar da hadari ya rufe ko hazon hunturu ya yi kauri sai an kashe tele da wuri. Firigo ko dutsen guga ko abin dafa ruwa in sunka shigo, lissafin ya tashi daga nan, a sake zama.

Panno ya kalli kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 15, kar inuwar bedi ko ta shato ta taɓa ko kusurwa guda. A wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi, lokacin ɗari ko sau biyu a sati.

In wutata ta yi yawa zan iya saida ma NIGELEC?

Dokar lantarki ta Mayu 2016 ta buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa su samar da wuta, kuma akwai hukumar ARSE da ke sa ido kan farashi da lasisi, amma wannan zancen manya ne masu yarjejeniya a rubuce. Kai mai panno shida a rufi, kwantar ɗinka ba ya juyawa baya, wasu masu kati ma in ka tura masu wuta lissafa ta suke kamar kai ka sha. Tunusiya ta daɗe da tsarin da ake cire ma mai gida abin da ya zuba a layi daga faktir ɗinshi, in da za a kawo irin shi nan da manyan gidajen unguwar Ali Ɗan Sofo kaɗai sun rage ma layi nauyin rana.

Abin da nake roƙo, kar wani ya haɗa inbata da wayar NIGELEC kai tsaye ba tare da makunnin da ke raba su ba. An ɗauke wuta, ma'aikaci ya hau turke yana zaton layi a mace yake, wutarka ta bi waya ta same shi.

Sola ba baƙon abu ba ne da turawa sunka kawo muna jiya?

Ko kusa. Farfesa Abdu Mumuni Diofo da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, a Tasawa anka haife shi a 1929, nan jiharmu. Shi ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, suna ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun rana a Yamai tun lokacin da ƙasashe da yawa ba su san ana yi ba. Ya rasu a 1991. Ofishin ne ya rikiɗe ya zama ANERSOL ta yau. Ni dai abin da nake fata gare ta shi ne ta riƙa gwada kayan da ke shigowa kasuwa tana buga masu hatimi, don mai saye ya bambance panno mai wat 300 na gaske da wanda anka liƙa ma takarda.

Mu mata fa, girki da itace muke, sola ta shafe mu?

Inna, ta shafe ku ta wajen haske da firigo da niƙa, amma tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar ba ta dahuwa da panno biyu, kar mai talla ya ruɗe ki. Mafi yawan makamashin da ake ƙonawa a gidajen Nijar itace ne, ba lantarki ba. Abin da hukuma ta fi sa hannu a nan shi ne gas na butal da ake saidawa da farashin da gwamnati ta ƙayyade, duk da shi ba mai sabuntawa ba ne, sai murhu mai tsimin itace da ke cikin shirin Haske da na ambata a tambayar ƙauye. Itacen ma yana sabuntawa in an bar shi ya tofo, kuma wannan mu munka koya ma duniya: sassaben zamani da anka fara a gonakin Maradi wajen 1983, a bar kututture ya yi toho a rage rassa, shi ne ya maido itatuwa a kusan hekta miliyan 5 ta ƙasar nan.

Tsohon batir ɗin da ya mutu, ya zan yi da shi?

Kar a fasa shi a gida, kar a zubar da ruwanshi a tsakar gida ko kusa da rijiya, kar a bar ma yara su yi kujera da shi. Dalma ce a ciki, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, ruwan kuma yana cin fata da tufa. Masu sayen tsohon batir suna biyan kuɗi a kan kilo, to ka kai shi a rufe yadda yake, tsaye ba a kwance ba, ko ka ce ma mai saida maka sabo ya karɓi tsohon ya rage maka wani abu, yawancinsu suna yarda. Na litiyom kuwa in ya kumbura ko ya fara wari, a fidda shi waje cikin inuwa nesa da katifa da buhun hatsi, a aza shi bisa rairayi, sannan a kira mai gyara.